An Cire Pozo Overo Daga Taswira

Babban birnin lardi, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Cirila,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da dukan mutanen Pozo Overo. Yaya ƙafar nan taki? Yaya awaki, yaya fama da ruwa? Mu nan ƙalau muke. Mabel tana gaishe ki, yara kuma sun girma har ba za ki gane su ba.

Na san za ki ce yau kuma wace rana, Evaristo ɗan Anacleto ya tuna da mutane. Ki yi haƙuri, hidimar birni ce. Rabona da gida tun da muka binne Baba, amma ko da yake ke da shi 'ya'yan wa da ƙani ne, ban taɓa ɗaukar ki gwaggo ta nesa ba.

Yanzu ina aiki da Dakta Arancibia, ɗan majalisar lardi, ni nake kula masa da 'yan jarida. Shi ne ya kawo ƙudurin gyara dokar daji. Labari ya iso mana cewa kun kafa rumfa a bakin hanya, kuna tare motoci dare da rana, wai za a cinye muku daji. Gwaggo, wa yake zuga ku? Abin da za a yi bai wuce sauya launi a taswira ba. Yanzu yankinku rawaya ne, wato ba a share daji. Za a mai da shi kore, wato mai gona zai iya sharewa ya shuka waken soya. Aiki zai zo, kwalta ta zo, wutar lantarki ta zo. Har yaushe mutanen yankinmu na Chaco za su zauna suna bin akuya cikin ƙaya kamar zamanin kakanni?

Ga alfarmar da nake nema. Dakta yana so ya zo ya ci abinci tare da ku, a ɗauki hotuna, mutanen birni su ga cewa talakawa suna bayansa. Na gaya masa ina da gwaggo a can wadda ba a tsallake maganarta. A gasa 'yan awaki biyu, a sa yara su yi wanka, maza su bar addunansu a gida. Kuma don Allah kada tsohon nan, Don Nicasio, ya sha komai kafin mu iso.

Ki ba Polo direban bas amsar, shi zai kawo mini.

Ɗanki,
Evaristo Galván
Jami'in Hulɗa da 'Yan Jarida

Pozo Overo, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Jami'in Hulɗa da 'Yan Jarida, ranka ya daɗe,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. Ƙafa tana nan, har gobe ita ke kai ni rijiya ta dawo da ni. Awaki sun rame, ruwa bai sauka ba. Ka gaishe mini da Mabel, yarinyar kirki, har yau ban gano abin da ta hango a wurinka ba.

Na karanta takardarka a rumfa a gaban kowa, don ba ni da maganar ɓoye da ɗan majalisa. Da na zo wurin wankan yara, Herminia malamar makaranta ta yi dariya har ƙoƙon shayin mate ya kife mata a cinya. Nicasio ya ce in gaya maka ya gode da tunawa, kuma ya tuna kai ma lokacin da kake yawo ba wando a bayan kekensa na jaki.

Ka tambayi wa yake zuga mu. Katafila ce take zuga mu, Varo. Bara aka mai da dajin da ke yamma da mu kore, aka kira shi gonar Santa Rita, saboda haka ba sai ka yi mana bayanin launi ba. Katafila biyu ne, da sarƙar jirgin ruwa a tsakaninsu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Itacen quebracho da ya girmi kakanka sai ka ga ya kwanta kamar karan masara. Su tara su cinna wuta, mu kwana muna tari. Aikin da ya zo shi ne mai gadi ɗaya da karnuka da jirgin feshi. Iyalan da ke can kuwa suna bayan garinku yanzu cikin ɗakunan leda, kana iya biyawa ka ɗauke su hoto, ba sai ka ƙona mai ba.

Bin akuya cikin ƙaya kuma, nonon akuyar nan ka sha shekarar da mahaifiyarka ta kwanta ciwo, kuma ban ji ka yi ƙorafi ba.

Amma tunda ka ce ba a tsallake maganata, to ga ta. Ka kawo Daktan naka. Za mu karɓe shi yadda ya cancanta, mu zaunar da shi a wurin da ya fi ƙauna a duk ƙasar nan. Za a gasa akuya. Yara ma za su yi wanka idan an sami ruwa.

Cirila, mai kiwon awaki

Babban birnin lardi, 15 ga Nuwamba

Gwaggo ta kaina,

Gaisuwa da godiya. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke ɗan mura. Na san halinki, kin fi kowa faɗa, amma a ƙarƙashin faɗan akwai hankali, wanda sauran ba su da shi. Na karanta wa Dakta ƙarshen wasiƙarki kawai, ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce tsofaffin ƙauye sun fi 'yan boko sanin ya kamata.

Za mu iso ranar Asabar ta farkon Disamba da tsakar rana, da mutanen talabijin da na jarida. Ki sa tsohon mayafin nan naki, zai yi kyau a hoto. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, ki ce kun gode kawai.

Ɗanki,
Evaristo

Babban birnin lardi, 11 ga Disamba

Gwaggo Cirila,

Ina gaisuwa don tarbiyya ta ce a gaisar, ba don raina yana so ba. Lafiyarki kuwa na gan ta da idona, ta fi tawa.

Abin da kuka yi ban san sunansa ba. Muka iso da motoci uku, Don Nicasio ya tare mu a kan alfadari, ya cire hula, ya ce mu biyo shi. Na ga ya wuce gari, ya wuce makaranta, muka ci gaba da bin sa don na yarda da ke. Sai ga mu a tsakiyar gonar Santa Rita, ƙasa tsirara iyakar ganin ido, ko tsinke babu, kuma a nan kuka kafa tebur da farin mayafi da kujera guda. Da tsakar rana, a watan Disamba, lokacin da zafi ya fi tsanani! Kin san Dakta ba zai iya juyawa ba tunda kyamarori suna kansa, shi ya sa kika ja masa kujerar da kanki kika ce, "Dakta, ga kore. Zauna ka ci."

Mutumin nan yana da hawan jini. Iska tana watsa toka a cikin naman, gumi ya jiƙa masa riga har wando. Da ya tambaya a hankali ko babu inuwa a kusa, Herminia, wadda gwamnati ke biya don ta koyar da ladabi, ta ce, "An sayar, ranka ya daɗe." Direbansa ya ruga ya ɗauko laima ya riƙe masa, kuma hoton da jarida ta buga ke nan: shi a zaune ƙarƙashin laima da cinyar akuya a hannu, tsofaffin mata a tsaye cikin rana suna kallonsa. A hanyar dawowa sau biyu muka tsaya ya yi amai.

Ranar Litinin ya kira ni ofis ya ce, "Galván, gwaggon taka ce ta ɗauke ka aiki ko ni?" Ya ce in kwashe kayana. Ina da mata da yara da kuɗin haya, amma wannan bai shafe ki ba, ke dai an tafa miki.

Kun ɗauka kun yi wayo. Haka mutanenmu suke tun fil'azal, a kawo musu ci gaba a faranti su tofa masa yawu, sannan su koma gindin bishiya suna ba juna labarin bajinta. Ba ku san yadda ake tafiyar da ƙasa ba, kuma ba kwa son sani.

Kafin in fito na ga sabuwar taswirar a kan teburinsa. An cire Pozo Overo daga cikinta gaba ɗaya. Ki gaya wa mutanenki sun sami abin da suka nema.

Evaristo

Pozo Overo, 27 ga Disamba

Zuwa ga tsohon Jami'i,

Barka da Kirsimeti. Muna lafiya, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, awaki har sun fara tsalle. Ina fata Daktanka ya warke. Ka gaya masa naman ba shi da laifi, mu ma shi muka ci.

Ka zage mu shafi biyu, amma na yafe maka saboda layin ƙarshe. An cire mu daga taswirarsu! Da na karanta wannan a rumfa, Nicasio ya jefa hularsa sama ta maƙale a reshe, har yanzu tana can. Ashe manyan naku haka suke, rana ɗaya ta dake su sai su saki. Mu da muke cikinta tun haihuwa ai da mun sani da tuni mun gayyato majalisar gaba ɗaya.

Mun kwance rumfar bakin hanya ranar jajibiri. Mutane sun gaji, watanni ke nan ba wanda ya yi barcin kirki a ɗakinsa. An yanka awaki, an kaɗa ganga da goge, har ni da ƙafar nan na taka rawa. Samari sun tafi aikin yankan gawayi da girbi a kudu, sai damina ta wuce za su dawo.

Maganar aikinka kuma, ka daina kuka kamar an mutu. Aikin riƙe wa mutum jaka da yi masa ƙarya a jarida ba abin da za a yi makoki a kansa ba ne. Idan haya ta gagare ka, ka kawo Mabel da yara, ɗakin mahaifinka yana nan, jemagu ne kawai a ciki. Ina neman mai bin awaki, sai dai zan fara gwada ka, don aikin yana buƙatar hankali.

Polo ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe sai hanya ta bushe.

Cirila

Babban birnin lardi, 8 ga Janairu

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Ku mayar da rumfar nan yau, ku aika a kira samari. Ashe wasiƙa ma sai an yi miki fassara? Ban ce an cire ku daga kore ba, cewa na yi an cire garin. Sunan Pozo Overo aka goge, da makaranta da rijiya da komai. A takarda yanzu wurin daji ne da ba kowa a ciki, kuma duk an shafe shi kore. Sun zartar da dokar a zaman ƙarshe kafin hutu, kamfanin Santa Rita ya riga ya karɓi izini. Duk mai hankali da ya karanta abin da na rubuta zai gane ba albishir ba ne.

Na je tasha an ce bas ba ya shiga. Na bar wannan a hannun mai sayar da tikiti.

Evaristo

Pozo Overo, 19 ga Maris

Evaristo,

Kana tambayar lafiyata, to ina numfashi. Nicasio yana asibitin gunduma da ƙafa a karye wuri biyu, likita bai ce zai sake hawa alfadari ba.

Wasiƙarka ta Janairu shekaranjiya ta iso, ta yi laushi da danshi. Bas yana jiran hanya ta bushe. Katafila ba ta jira.

Da safe ne a watan jiya, muna tatsa, muka ji ƙasa tana rawa daga kudu. Awaki suka fara ganewa, suka tsallake shinge. Kafin mu isa, kurmin algarrobo da muke tsintar 'ya'yansa kowace shekara ya kwanta, tsuntsaye suna ta kewaya sama sun rasa wurin sauka. Ba namiji mai ƙarfi ko ɗaya a gari. Nicasio ya riga mu isa, ya tsaya yana ɗaga hannu yana ihu, direban katafila bai gan shi ba saboda rassa, sarƙa ta ja wani kututture ta maka masa a ƙafa. Da suka tsaya duba shi ne muka hau kan sarƙar muka zauna, ni da Herminia da sauran mata, wasu da goyo.

Direban ya sauko, ya ce, "Inna, ku yi mini rai, an gaya mana ba kowa a nan." Herminia ta ce, "To mu fatalwa ne? Taɓa ni ka ji." Shugabansu ya fito daga farar mota da takarda a hannu yana nuna mana, wai ga izini, ga taswira, ba gari a nan. Na ce masa ya ɗaga kansa daga takardar ya dubi hayaƙin murhuna. Ya ce shi ba a biya shi don ya dubi hayaƙi ba. 'Yan sanda suka zo da yamma, ba su tambayi wanda ya karya tsoho ba, tambayarsu ita ce wa ya ba mu izinin zama a kan kayan kamfani.

A kan sarƙar muka ci muka sha, muna karɓa-karɓa, har Fada, limamin cocinmu, ya samo wata lauya ta kai ƙara, alƙali ya ce a dakata sai ya saurari kowa. Injinan suna nan a bayan shingen waya, an lulluɓe su da tamfol, ba su tafi ba.

Yanzu saurara. Kai ne mai aikin magana. Shekara nawa ana biyan ka don ka jera kalmomi, amma ka kasa rubuta layi ɗaya da tsohuwa za ta karanta ta gane? Ka ga takardar da idonka, ka san abin da take nufi, ka san ruwa na gab da rufe hanya. Da ka ce, Gwaggo, suna zuwa, da ba wanda ya kwance ko igiya. Amma zuciya ta ci ka, ka zaɓi ka yi mini gatse don ka ji sanyi, sannan ka dawo kana cewa duk mai hankali zai gane.

Sarƙar ta bi ta gefen maƙabarta kafin mu tsayar da ita. Mun tsinci gicciyen mahaifinka cikin tarin rassa. Mun kafa shi inda muke zaton nan ne.

Cirila

Babban birnin lardi, 6 ga Afrilu

Gwaggo abar ƙaunata,

Ina gaisuwa da zuciya mai nauyi. Allah ya ba Don Nicasio lafiya. Maganar kabarin Baba ta hana ni cin abinci, Mabel shaida ce. Ba zan tsaya jayayya kan wanda ya fahimci wane ba, yanzu lokacin haɗa kai ne.

Ina da labari mai daɗi. Wata ƙungiyar kare daji daga Buenos Aires ta ɗauke ni aiki, saboda na san cikin majalisa kuma ni ɗan ƙasa ne. Wataƙila kin ji ni a rediyo makon jiya. Gaskiya tun ina wurin Dakta zuciyata tana tare da ku, kuma idan aka duba, ba don na kai shi can ba da duniya ba ta san Pozo Overo ba. Gwagwarmayar nan tana buƙatar wanda ya iya magana da manya, don zama a kan sarƙa kaɗai ba ya cin shari'a.

Zan zo da masu ɗaukar fim a ƙarshen wata. Za mu fara da ni a durƙushe gaban gicciyen Baba, don haka kada a gyara wurin, a bar rassan yadda suke. Idan an sallami Don Nicasio, ki roƙe shi kada ya bari a cire masa simintin ƙafar kafin mu iso. Ke ma za ki yi magana kaɗan, zan rubuto miki abin da za ki faɗa.

Ɗanki a fagen fama,
Evaristo Galván
Kakakin Al'ummomin Daji

Pozo Overo, 17 ga Afrilu

Zuwa ga Kakaki,

Muna lafiya. An sallami Nicasio, yana tafiya da sanduna biyu. Na karanta masa roƙonka, amsar da ya bayar ba ta rubutuwa.

Mun ji ka a rediyon Herminia. "Mu 'ya'yan daji," in ji ka, "mu da muka tsaya ƙirji buɗe a gaban katafila." Wata daga cikin matan ta tambaya ko kai ne wanda ya zauna kusa da ita a kan sarƙa, don ta tuna akwai wani mai gemu, sai aka tuna mata bunsurun Nicasio ne. A watan Oktoba mu ne jahilai masu bin akuya, a watan Afrilu kai ne bakinmu. Ban taɓa ganin wanda ya sauya riga da sauri haka ba, kuma duka biyun sun yi maka daidai.

Wurin kabarin mun riga mun share, mun kewaye shi da waya. Ba mu san za a yi wasa a kai ba.

Rumfa ta koma bakin hanya, wata kuma a kudu daura da injinan. Alƙali zai zauna a watan gobe, lauya ta ce tana iya yiwuwa a ci, tana iya yiwuwa a sha ƙasa, kuma kamfani yana jiran ranar da zai leƙo ya ga ba kowa. Mutane sun yi kaɗan. Ranar Talata ta Nicasio ce a rumfar kudu, yanzu ba mai tsayawa. Na faɗa wa taro cewa ɗan Anacleto zai karɓa, tunda ya ce shi ɗan daji ne. Ba a magana a wurin, ba a ɗaukar hoto, zama ne kawai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da sauro. Ka zo kai kaɗai. Ka taho da hula da ruwan sha.

Cirila

Pozo Overo, 30 ga Afrilu

Evaristo,

Muna lafiya. Polo ya kawo saƙonka na baki, cewa Talatar ta ci karo da hirarka da gidan talabijin, kuma za ka fi yi mana amfani a can.

Ni na tsaya. Sun kunna injin ɗaya da hantsi, wai suna ɗumama shi, suka ga ban motsa ba suka kashe. Talata mai zuwa ma ni ce, na riga na gaya wa taro su daina jiran kowa.

Idan za ka sake cewa "mu" a rediyo, ba zan iya hana ka ba. Amma na ce wa Polo kada ya ƙara karɓo mini takarda daga hannunka, idona ya yi rauni, ina tattalinsa don takardun kotu.

Zumar da ke cikin kwalbar nan ta Mabel ce da yara. Ita ba ta yi mini komai ba.

Cirila Galván